Tambarin Ɗanbaba a Gindin Kwano

Idan ka shiga tsohon garin Daura ka tambayi Malam Ɗanbaba mai ɗinkin riga, maza za su nuna maka rumfarsa, su ƙara maka da cewa daga nan har Zango da Sandamu babu mai ɗinka tambari a babbar riga kamarsa. Tambari shi ne zagayen nan na zare da yake nannaɗewa daga baki har ya ƙare a tsakiya, wanda in hannu ya karkace ko kaɗan kowa sai ya gani. Mata kuwa, in su ka tambaya, dariya za su fara yi. Su wani tambarin suka sani, wanda babu allura babu zare, wanda Ɗanbaba yake zanawa da ɗan yatsa a gindin kwanon tuwo bayan ya suɗe shi tas.

Shi da kansa yakan ce Allah ya ba shi sana'a biyu, ɗinki da ci, kuma ta biyun ce bai taɓa saɓa wa kowa alkawari a kanta ba. Gajere ne, mai ƙananan hannaye, da tumbi wanda a cewarsa yake riga shi shiga masallaci ya kama masa sahu. Shekararsa hamsin da takwas lokacin da abin da za a faɗa ya faru.

A lungunsu har yau ba a bar ciyayya ba. Da an sallame Magariba, magidanta bakwai kowa zai shiga gida ya fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a dakalin Alhaji Jafaru mai fataucin dabbobi, a jera kwanukan, a riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya ana ci tare. Shida daga cikinsu ci kawai suke yi kamar masu ɗura buhu. Alhaji Jafaru ma, abokin Ɗanbaba tun suna yara, ya shekara talatin yana cin girkin matarsa Hajiya Rauda bai taɓa ce mata ya yi daɗi ba, wai ai da bai yi ba da ta ji. Ɗanbaba kaɗai ne mai santi. Shi ne zai shinshina miya ya ce wannan daddawar ba ta kasuwa ba ce, shi ne zai lura an sauya hannu a gidan maƙwabcinsu Badaru, shi ne kuma zai jawo kowane kwano a ƙarshe ya yi masa tambari. In kwano ya koma cikin gida, uwargida ba ta tambayar mijinta komai. Buɗe murfi take yi ta duba gindin, in ta ga zagayen nan ta san wahalarta a gaban murhu ba ta tafi a banza ba.

Wannan hali ba da rana tsaka ya same shi ba. Yana ɗan shekara huɗu mahaifiyarsa ta rasu, uban kuma direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu ba a gan shi ba. Kakarsa Kyauta ce ta riƙe shi, tsohuwa mai ciwon gwiwa wadda durƙusawa gaban murhu yake yi mata wuya. Matan lungun suka ɗauke mata girki ba tare da an zauna shawara ba. Yau wannan gida ya aiko, gobe wancan, wata rana uku su haɗu. Tsohuwar ba ta da abin ramawa sai abu guda. Kafin a mayar da kwano sai ta ɗaga ta duba, in ta ga ko loma ɗaya ta rage ta miƙo masa.

"Cinye, Ɗanbaba. Wadda ta aiko maka ba komai take jira ba, kwanonta take so ta gani babu saura."

Sai ya cinye. In ya ƙoshi ya cinye, in tuwon duk gudaji ne ya cinye, in an manta gishiri ya cinye. Tun bai haddace Fatiha ba ya riga ya koyi cewa godiya da ciki ake yin ta.

Haka ya girma, kalmar a'a tana maƙale masa a wuya. Mutum zai kawo shadda saura kwana uku Sallah ya ce ɗinkin aska takwas yake so, Ɗanbaba ya ce to, ya dawo yana zagin kansa a rumfa. Azumin Litinin da Alhamis kuwa ya ɗauki niyyarsa sau ba adadi, bai taɓa kai shi Azahar ba, domin kullum sai an sami ɗan albarkar da zai ce masa bismillah. Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da Barakatu, 'yar Sandamu, doguwa siririya, wadda take iya cewa a'a tun ba ka gama tambaya ba. Sun shekara talatin da biyu tare, ita tana rufe ƙofofin da shi ya bari a buɗe.

Abin ya faro ne daga kafar allura. Wata safiya ya laƙaci zare da yawu, ya nufi kafar, zaren ya wuce ta gefe. Ya sake, ya sake wucewa. Ya ce allurar zamani ce, kafarta ba ta da faɗi. Kashegari ya ce rumfar ce ta yi duhu tunda maƙwabci ya ɗaga katanga. Ya sayi tabarau a kasuwa, ya sake sayen wanda ya fi shi kauri. Ga ƙishirwa da ba ta ƙarewa, ga zaryar kewaye, duk ya ɗora wa zafi. Barakatu tana lura da shi. Sai dai ya wayi gari ya tarar da allura goma sha biyu a soke a jikin wani ɗan matashi, kowace da zarenta a zure, an ajiye masa kusa da hula. Ya ɗauka ya tafi rumfa. Suka yi wata biyar a haka, kowa ya san abin da ake ciki, kowa ya yi kamar bai sani ba.

Ranar da wani ɗan kasuwa ya dawo da riga ya ce, cikin ladabi, kamar tambarin baya ya ɗan karkata, ranar Ɗanbaba bai iya santi ba a ciyayya, duk da dai ya ci. Da asuba ya hau motar Kano, ya ce wa mutane zare za shi saye.

A asibitin ido aka ɗiga masa magani, aka haska, aka ɗebi jini. Likitar wata yarinya ce da ba ta girmi 'yarsa Fadila ba, amma maganarta babu kwana-kwana.

"Baba, suga gare ka, kuma ya daɗe. Idon hagu ya riga ya taɓu sosai. Na dama muna iya tsare shi, in ka taimake mu."

Ta lissafa masa. Ƙwaya safe da yamma. A bar sukari a shayi da fura, a bar lemon kwalba. Ganye da yawa, wake, kifi in an samu. Tafiya a ƙasa bayan cin abinci. Tuwo ko shinkafa kuwa kada su wuce dunƙulen hannunsa. Ɗanbaba ya dunƙule hannu ya duba, ya ji wani baƙin ciki ya taso masa. Shekara arba'in ana yaba ƙananan hannayen nan a kan allura, yau ga shi sun ci amanarsa. Da hannun Alhaji Jafaru aka ba shi, mai kama ƙahon sa, da abin da sauƙi. Duk abin da ta faɗa ya ce to, domin ita ma ba zai iya ce mata a'a ba.

Ya gaya wa Barakatu, amma ya haɗa ta da Allah kada maganar ta fita. Yana da hujja, kuma ba ta banza ba ce. In aka ji idon mai ɗinki ya taɓu, wa zai sake ba shi shadda mai tsada? Hujja ta biyu kuwa bai faɗa ba, amma ita ce babba. Bai san yadda zai zauna a tabarmar nan a buɗe kwano a gabansa ya janye hannu ba.

Barakatu ta ɗaura ɗamara. Kafin Magariba za ta ajiye masa kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli kaɗan, da dafaffen wake, da 'yar malmalar tuwon dawa wadda ta auna da hannunsa yana kallo. Ɗanbaba ya zauna ya cinye tas, fuska a yamutse, ya yi hamdala. Sai ya je masallaci. Sai ya dawo ya ɗauki kwanon gidansa ya nufi dakalin Alhaji Jafaru.

A nan ne fa hankalin mutumin ya yi aikin da har yau in ya tuna sai ya rufe fuska. Shi a fahimtarsa abincin likita magani ne, magani kuwa sha ake yi a ɗora abinci a kai. Tunda ya riga ya ci zogale, to cikinsa ya shirya karɓar ko mene ne. Batun dunƙulen hannu kuma bai karya doka ba ko sau ɗaya. Dunƙule ɗaya yake ci a kwanon Badaru, dunƙule ɗaya a na Hussaini, haka har kwano bakwai, domin likita ba ta ce a kwano nawa ba. Tafiyar bayan cin abinci ma yana yi, daga dakali zuwa ƙofar gidansa, taku goma sha tara. Yana jin kansa cikin masu bin doka har yana tausayin sauran da ba su san ilimin abinci ba.

Bayan wata uku ya koma Kano, wannan karon da Barakatu, domin ta ce a'a ga zuwansa shi kaɗai. Aka ɗora shi a sikeli, ya ƙaru da kilo uku. Likitar ta dubi takardar jini, ta dube shi.

"Baba, kana cin abin da na ce?"

"Wallahi kullum, 'yata. Ban taɓa tsallakewa ba."

"Yana ci," in ji Barakatu daga bayansa. "In ya gama ya tafi ya ci na gida bakwai."

Ɗanbaba ya fara bayanin dunƙule-dunƙule, yana nunawa da hannu, yana jin yadda maganar take zubewa tun a bakinsa. Likitar ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Tasowa ta yi ta sa tafin hannunta ta rufe masa idon dama.

"Ga matarka nan. Gaya mini kalar mayafinta."

Ya duba. Ya san Barakatu tana tsaye a wurin, ya san mayafin shuɗi ne domin tare suka fito. Amma abin da idon hagu ya nuna masa wata doguwar inuwa ce dishi-dishi, babu fuska, babu kala. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba.

"Haka na daman zai koma," in ji likitar, "kuma ba zai ɗauki shekara biyu ba."

A hanyar dawowa motar ta tsaya a Kazaure. Mai tallar gurasa ta miƙo ta taga, ya kau da kai, abin da bai taɓa yi wa mai talla ba.

Da mutum ne mai iya magana a miƙe, da a daren ya faɗa wa abokansa an wuce wurin. Amma Ɗanbaba ne. Sai ya zauna ya yi dabara irin ta mai ɗinkin da yadi bai ishe shi ba. Kwano shida zai iya yi musu wayo, ya ɗan taɓa loma ɗaya, ya riƙa surutu har sauran su cinye, sannan ya jawo ya yi tambari. Na bakwai ne ba ya wayuwa. Hajiya Rauda in ta tuƙa tuwon shinkafa ta kwarara masa miyar taushe da man shanu, ko ta soya funkaso, babu mahalukin da zai ci loma ɗaya ya tsaya, balle shi. Saboda haka ya yanke shawara kada ma ya fara. Da an kai hannu za a buɗe kwanon gidan Alhaji Jafaru, sai ya tashi amsa wayar da ba ta yi ƙara ba. Kashegari ya ce ya manta rumfa a buɗe. Rana ta uku tari ya sarƙe shi. Yana ganin ya yi wayon da babu wanda ya gane.

Kwanon Hajiya Rauda ya koma gida kwana uku babu tambari, alhali na maƙwabtanta shida duk da shi. Mata kuwa suna haɗuwa, ta ji labarin kwanukan sauran. Ta ɗauka hannunta ne ya sauka, sai ta ƙara man shanu. Ta sa Alhaji ya zo da ƙaton zakara daga Mai'adua ran Lahadi. Ta yi funkaso, ta haɗa da alkaki yana ɗigar zuma, abin da sai biki take yi. Ɗanbaba yana tsaye can gefe da waya a kunne yana magana da babu kowa, ƙanshi yana dukansa, yana jin kamar ya yi kuka.

Rana ta tara ya fito da kwanonsa ya tarar ba a shimfiɗa tabarma ba. Ƙofar Alhaji Jafaru a rufe. Mutum biyar suna tsaitsaye da kwanuka a hannu, kowa yana kallon wani wuri. Badaru ne ya ja shi gefe, domin shi ba ya iya riƙe magana.

"Malam Ɗanbaba, ashe abin har ya kai haka? Ai da ka bari an bincika."

"Wane abu?"

"To, an ce idonka ya taɓu, wannan kowa ya lura. An ce zuwanka Kano sau biyu ba zare ka je saye ba, wajen wani malami ka je. An ce ya duba ya ce maka a abinci aka ba ka, daga gidan da ke gabas da naka. Gabas da kai kuwa gida ɗaya ne."

Ɗanbaba ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sammu! Wato matar da ta shekara talatin tana ciyar da shi, wadda ranar da Barakatu ta haifi Fadila ita ta yi kwana bakwai tana aiko musu da abinci, yau tana zaune a ɗaki ana cewa ya zarge ta da makantar da shi. Kuma babu wanda ya ƙaga maganar nan sai shi, da wayarsa da tarinsa na ƙarya. Ya tsare sirrin ciwonsa da kyau, ya jefa mutuncin baiwar Allah a titi.

Kashegari bayan La'asar ya yi sallama a zauren Alhaji Jafaru. Sai da ya yi sau uku aka amsa. Alhaji ya fito ya zauna a bakin ƙofa bai miƙa masa hannu ba. Ta bayan labulen ƙofar ciki kuwa ana ganin ƙafafun Hajiya Rauda. Ɗanbaba ya fara da gaisuwa, ya tambayi kasuwa, ya tambayi shanu, ya koma kan damina. Alhaji ya katse shi.

"Ɗanbaba, in magana ta kawo ka, yi ta."

Ya buɗe baki. Kalma uku ce kacal, amma ya fi jin nauyinta a kan ɗinka riga goma.

"Suga gare ni."

 Sai sauran maganar ta biyo da gudu, asibiti, likita, idon hagu da ya tafi, na dama da ake ƙoƙarin tsarewa, alluran da Barakatu take zura masa zare tun bara. Ya ce bai guji kwanon gidan nan don ya zarge shi ba, ya guje shi ne don duk lungun shi kaɗai ne ya fi ƙarfinsa.

"Shi ke nan?" in ji Alhaji Jafaru. "Suga? Kai dai an yi sakarai. Kwana biyu matata ba ta ci abinci ba saboda suga?"

"Sakarai ma ka rage mini, Alhaji."

Muryar Hajiya Rauda ta fito daga bayan labule, da jin ta ba ta huce ba.

"Malam Ɗanbaba, ba zargin ne ya fi yi mini ciwo yanzu ba. Kwana da kwanaki ina ƙara man shanu, ina kwarara zuma, ina cewa yau dai zai ci. Da ka ci fa? Da ashe gaskiyar mutane ce, da hannuna zan makantar da kai. Me ya hana ka faɗa? Mu ba mutane ba ne?"

 Ya dai ce ta yafe masa, ya faɗa har sau uku, ta ce ta yafe amma kada ya ƙara.

Wanda bai san lungun ba zai ɗauka magana ta ƙare a nan. Kashegari aka shimfiɗa tabarma, aka jera kwano bakwai. Aka buɗe na farko, kwaɗon zogale. Na biyu, kwaɗon rama. Na uku lansir, na huɗu dafaffen wake da alayyafo, na biyar zogale kuma. Matan sun haɗa baki sun yi wa Ɗanbaba gata. Hussaini ya leƙa kwanon gidansa ya ce shi bai san laifin da ya yi aka mayar da shi akuya ba. Duk ido ya dawo kan Ɗanbaba. Gida bakwai sun bar tuwo saboda shi, to ina zai sa kansa? Ya nannaɗe hannun riga. Ya ci na farko, ya ci na biyu, ya bi su har na bakwai, kowanne ya yi masa tambari mai kyau, domin sauran mazan taɓawa kawai suka yi suka zame.

Washegari bai je rumfa ba. Bai ma yi nisa da kewaye ba. Yana kwance a tabarma a tsakar gida yana nishi, yana cewa shi ne mutum na farko a ƙasar Daura da abincin lafiya ya kwantar, Barakatu ta zo ta zauna kusa da shi da ɗan matashin allurai a cinya.

"Malam, ba tuwo ne ciwonka ba, ba kuma zogale ne maganinka ba. Ko ruwa aka jera maka kwano bakwai sai ka shanye. Shekara talatin da biyu ban taɓa ji ka ce ka ƙoshi ba."

"In na faɗa sai in ga kamar na zagi mai girkin."

"To zage su su rayu da kai. Ni na gaji da zura zare, idona ni ma ba na yarinya ba ne."

Ta faɗa ne kai tsaye kamar yadda ta saba, amma ya ga hannunta yana lalubar kafar allurar sau biyu kafin zaren ya shiga. Wannan ya fi hannun likita shigarsa.

Ya roƙi matan, ta bakin mazansu, kowace ta koma girkinta, don kada Hussaini ya yi ƙaura. Da Magariba ya fito da kwanon gidansa a hannun dama, da wani ɗan ƙaramin kwano a hagu wanda Barakatu ta cika rabinsa da ganye. Aka riƙa buɗewa, yana gutsurar kaɗan daga wannan, kaɗan daga wancan, yana sakawa a nasa, har duka suka tashi dunƙule ɗaya, nasa dunƙulen, ba na Alhaji ba. Aka zo kan na Hajiya Rauda. Tuwon shinkafa ne da taushe. Ya ɗebi loma guda, ya ci a hankali, ya lumshe ido, ya ce kabewar nan ta gona ce ba ta kasuwa ba. Sauran suka ci suka janye hannu, ya rage kamar loma huɗu a gindin kwanon, kuma bisa sabo Badaru ya turo masa shi gabansa.

Ɗanbaba ya dubi kwanon. Ɗan yatsansa har ya miƙe da kansa. Ya ji muryar tsohuwa Kyauta sarai kamar tana zaune a bayansa, cinye Ɗanbaba.  Ya naɗe yatsan ya mayar cikin tafin hannu, ya ɗauki murfi ya rufe.

"Alhamdu lillahi. Na ƙoshi."

Maganar ta fito a shaƙe, har Hussaini ya ce me ka ce, sai da ya maimaita. Alhaji Jafaru ya ɗauki kwanon da saura a ciki ya shiga gida. Ɗanbaba ya tashi ya yi tafiyarsa, wannan karon har bakin kasuwa ya dawo, zuciyarsa tana bugawa duk hanya kamar wanda ya yi sata.

Idon hagu bai dawo ba, ba kuma zai dawo ba. Na dama likitar ta ce ya tsaya inda yake. Masu kawo shadda wasu sun janye da suka ji labari, wasu sun zauna, kuma yanzu in mutum ya zo saura kwana uku Sallah, Ɗanbaba yakan ce masa a'a, ko da yake sai ya bi shi har bakin titi yana ba shi haƙuri. Tumbin ya ragu, ya ce yanzu tare suke shiga masallaci. Har gobe in aka turo masa kwano sai yatsan ya motsa, kuma ran suna ko ɗaurin aure Barakatu ba ta yarda da rahotonsa sai ta tambayi Badaru.

Amma abin da ya fi riƙewa shi ne safiyar da ta biyo bayan ranar farko da ya ce ya ƙoshi. Yana rumfa ya ɗora riga a gwiwa, sai ga Alhaji Jafaru a kan babur zai wuce kasuwa. Bai sauka ba, ya dai sa ƙafa a ƙasa, yana magana yana kallon titi kamar wanda aka tilasta.

"Hajiya ta ba ni saƙo. Ta ce a gaya maka ta buɗe kwano ta ga saura. Ta ce ta gode."

Ya ja babur ya tafi. Ɗanbaba ya zauna da rigar a gwiwa. Ruwa ya taru masa a idon dama, wanda ya rage, har zanen tambarin ya dushe. Ya jira ya sauka, ya goge da bakin hannun riga, sannan ya zaro allura ɗaya daga cikin na Barakatu ya soka a inda ya tsaya jiya.